Gadon ƙasa ko maye gurbin ƙasa?

Mai fassarar labarai, Sakkwato:
Malamai, ina neman Hausar abin da lauyoyi ke kira state succession, wato makomar yarjejeniyoyi, basussuka, kadarori da kujerar Majalisar Ɗinkin Duniya idan wani yanki ya ɓalle ya zama ƙasa. Na saba rubuta "gadon ƙasa", kuma masu sauraro suna ganewa.

Malamin shari'a:
Malam, kalmar tana da daɗin ji, amma duk wanda ya zauna gaban malaman fiƙihu a garin nan zai ce maka ba a gadon mai rai. Da Cekoslobakiya ta wargaje ranar 1 ga Janairun 1993, ta mutu a idon doka, shi ya sa Cek da Slobakiya kowacce ta nemi kujerar Majalisar daga farko. A nan gado ya dace. Sudan kuwa ba ta mutu ba sa'ad da Kudu ta ɓalle ranar 9 ga Yulin 2011, domin ta riƙe kujerarta da yarjejeniyoyinta, Sudan ta Kudu ce ta shiga Majalisar a matsayin ƙasa ta 193. Ko basussukan waje ma, yarjejeniyar da suka ƙulla a Adis Ababa a 2012 ta bar wa Sudan su bisa sharaɗin samun sassauci daga masu bin bashi. Wannan ya fi kama da ɗan da ya fita daga gandu mahaifinsa na raye.

Mai fassara:
Allah ya gafarta Malam, to sai in ce "rabon gandu"?

Malamin shari'a:
A'a, gandu ya yi wa magana ƙunci, kuma bai ɗauki ƙasar da ta kuɓuta daga mulkin mallaka ba. Yarjejeniyar Biyana ta 1978, wadda ƙasashe suka ƙulla a kan wannan batu, ta bayyana lamarin da cewa wata ƙasa ce ke zama a madadin wata wajen ɗaukar nauyin hulɗar wani yanki da ƙasashen waje. Saboda haka nake ganin "maye gurbin ƙasa" ya fi, tunda ya haɗa ɓallewa da wargajewa, sai a keɓe "gado" ga wargajewa kaɗai. Biyafara ba ta kai ga ko ɗaya ba, domin ƙasashe biyar ne kawai suka amince da ita kafin yaƙin ya ƙare a Janairun 1970.

Mai fassara:
Na karɓa, Malam. Sai dai zan riƙa ƙara "a kan wani yanki", kada mai sauraro ya zaci canjin gwamnati ake nufi.