GT86 ɗina giya ta biyu tana gardama da safe, sitiyarin ma ban gane masa ba

ɗan_Ngawundare:
Salamu alaikum jama'a. Wata biyu ke nan da na ɗauko Toyota GT86 ƙirar 2013 daga Duwala, mai giyar hannu shida, na hannu ce amma injin lafiya lau. Matsalata biyu. Da safe in na tayar da ita, kun dai san sanyin Ngawundare a wannan lokacin, giya ta ɗaya tana shiga ba damuwa amma ta biyu sai na yi kamar zan karya sandar, wani lokacin har da ɗan ƙara kamar an ciji tsakuwa a shinkafa, in na yi tafiyar minti goma sha biyar kuma sai ta saki kamar ba ita ba. Na biyu sitiyari. Shekara tara ina jan tsohuwar Mercedes 190, ita ko ƙaramin rami na taka sai na ji shi a tafin hannuna, GT86 ɗin kuwa da na sauka gangaren Mbe hanyar Garwa sai na ji kan motar yana yawo, ban san inda tayoyin gaba suke ba. To ai don kwanar nan na saye ta. Buwat ɗin, wato akwatin giya, ita ce ta mutu aka rufa mini ido ko haka suke?

Bakanike_Marwa:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kwantar da hankalinka, kar ka bari kowa ya sauke maka buwat tukuna. Tunda tana sakewa in ta yi zafi to yawanci mai ne, da sanyi yana kauri, zoben tagullar nan da ke daidaita gudun haƙoran kafin giya ta shiga ba ya samun kamu da wuri, kuma ita wannan motar an san ta da wannan halin a giya ta biyu tun tana sabuwa. Ka tambayi kanka yaushe rabon da a canja man buwat ɗin, na rantse wanda ya sayar maka ma bai sani ba. A zuba 75W-90, amma ka duba galan ɗin da idonka ya zama GL-4. Yaran gareji sai su ɗauko GL-5 na difaransiyal su ɗura maka su ce ai duk mai ne, alhali shi wannan ba ya shiri da tagulla.

Ga gwaji kyauta. Injin a kashe ka taka ambireyaj, wato kuloc, ka zagaya giyoyin duka. In suna shiga sumul, amma da ka tayar sai ta ɗaya da ribas su ma su fara gardama ko da motar ta yi zafi, to ambireyaj ne ba ya saki gaba ɗaya, wataƙila iska ta shiga man ambireyaj ɗin, a fitar da ita. In ta biyu ce kaɗai kuma da safe kaɗai, mai ne. Kuma don Allah ka daina danna ta da ƙarfi, kai kake cinye zoben da hannunka.

Baba_Tirela:
Yaro ku kun samu duniya. Mu da muka yi shekaru muna jan kaya daga Ngawundare zuwa Kusuri har mu tsallaka Injamena, manyan motocin da muka koya a kansu ba wani zobe a ciki, kunnenka ne zoben. Ka taka kuloc ka fito fri, ka saki, ka sake takawa sannan ka sa. In saukowa za ka yi daga uku zuwa biyu, kana fri ɗin ka ɗan taɓa totur injin ya ɗaga murya kafin ka sa, za ka ji ta faɗa da kanta kamar an kira ta. Yi haka da safe har ta ɗumama. Kuma gangaren Mbe ba wurin gwada mota ba ne, na ga abin da na gani a wurin, ka sauka da giya kar ka dogara da birki.

Injamena_Sport:
Maganar Baba gaskiya ce, ni ma haka nake yi. Amma zancen sitiyari ban yarda laifin motar ba ne yallaɓai. E, na lantarki ne, ba famfo ba mai kamar na Mercedes ɗinka, ɗan injin lantarki ne a jikin sandar sitiyarin yake taimaka maka, amma cikin masu lantarkin nata yana cikin waɗanda ake yabo, daga ƙarshe zuwa ƙarshe zagaye biyu da rabi ne kawai, ka ɗan motsa hannu ta juya. Abin da kake ji a 190 rabinsa girgizar tsufa ce ba labarin hanya ba, kar ka ji haushi 😄 Je ka duba iskar taya. Mai faci a bakin titi ba ruwansa da abin da aka rubuta a jikin ƙofa, bugawa yake sai taya ta yi tauri kamar dutse don haka ya saba da motocin lodi. Ita iska bar 2.4 take so gaba da baya, a taya 215/45 R17. In iska ta yi yawa tsakiyar tayar kaɗai ke taɓa kwalta, dole kai ya yi yawo. Sannan a duba rotil, wato mahaɗar ƙafar gaba, da faralelizim, wato saitin tayoyi, mota mai ƙasa-ƙasa irin wannan a ramukan hanyar Garwa zuwa Marwa sati ɗaya ya isa ta karkace.

Bakanike_Marwa:
Iskar taya na yarda. Amma cewa na lantarki ya kai na mai, a'a ɗan uwa, nan mun rabu. Kawo min BMW E46 mai lafiya in rufe ido in gaya maka ko kwalta nake kai ko yashi ya hau titi. Na lantarki yana tace abubuwa da yawa kafin su iso hannunka. Mai kyau ne, amma a hankali yake magana.

ɗan_Ngawundare:
Allah ya saka da alheri. Na je na auna yau, gaba 3.3 da 3.1, baya ɗaya 2.0, kuma tayoyin gaban ma ba kamfani ɗaya ba ne ashe, ban taɓa sunkuyawa na karanta ba wallahi. Na mai da su 2.4 duka, na zagaya ta hanyar Dang wajen jami'a na dawo, kan motar ya zauna sosai, yanzu ina jin nauyi yana ƙaruwa a hannu in na shiga kwana. Gwajin ambireyaj na yi, lafiya yake. Man GL-4 ne ban samu ba a shaguna uku, duk GL-5 suke miƙo min, na sa a tambayo min a Garwa. Baba na gwada taka biyun nan da safe, sau biyu ta mutu min a gaban mai shayi yara suna dariya, na uku ta shiga.