Wane suna za mu ba ruwan da ke cikin gam?

Malamai da 'yan'uwa, ina fassara wata takardar gargaɗi da za a raba wa masu haɗa takalmi da kafintoci, sai kalma guda ta tsaya mini a maƙogwaro, wato abin da Turawa suke kira "solvent". Shi ne ruwan da ake narkar da roba a cikinsa don a sami gam, wanda idan aka shafa gam ɗin yake bin iska ya bar robar ta kama. Duk haɗarin gam irin su Evo-Stik a cikin wannan ruwa yake, don haka idan ba mu sama masa suna ba, gargaɗin zai tashi a banza.

Abin da ya fara zuwa bakin mutane shi ne sholisho, kuma na san dalili, tunda da shi mai faci yake liƙe tayar keke. Sai dai sholisho sunan gam ɗin ne gaba ɗayansa, robar da ruwanta, kuma kalmar ta riga ta ɗauki wani kaya, domin duk wanda ya ji ta sai hankalinsa ya tafi ga yaran da suke shaƙa a tsumma. Ba na son kafinta mai mutunci ya karanta takarda ya ga kamar an haɗa shi da 'yan shaye-shaye.

Wani ɗan'uwa ya ce a rubuta tina kawai, yadda masu fenti suke faɗa. Ranka ya daɗe, tina abu ne da ake saye daban a zuba don a tsinka fenti, alhali wanda muke magana a kai tun daga kamfani yake cikin gwangwanin. Sinadari kuma ya yi faɗi, har magin miya yana shiga ciki.

Ni na karkata ga manarki, bisa ƙirar da muka sami mabuɗi daga buɗe, da marufi daga rufe, da matsefi daga tsefe. Wata malama ta yi ƙorafin cewa narkewa aikin zafi ne, kamar man shanu a rana, amma ai muna cewa gishiri ya narke a miya, sukari ya narke a shayi, babu wanda ya taɓa rikicewa. Ƙorafinta na biyu ya fi ƙarfi, kuma na yarda da shi: ruwan sha ma manarki ne, shi ne ma yake cikin farin gam na katako wanda ba ya kama wuta. Ke nan kalmar ita kaɗai ba ta tsoratar da kowa.

Ga abin da nake so mai karatu ya gane. Manarkan da ake sa wa irin wannan gam galibi su ne toluwin da hekzen da asiton, kuma ba ruwan ne yake fara kama wuta ba, tururinsa ne. Toluwin yana fitar da tururin da ya isa kama wuta tun daga digiri 4 a ma'aunin Selshiyos, hekzen da asiton kuwa tun ƙasa da sifili sosai, alhali kananzir sai ya kai wajen digiri 38. Tururin ya fi iska nauyi, na toluwin ya ninka ta kusan sau 3, saboda haka ba ya tashi sama kamar hayaƙi, yana malala ne a ƙasa har ya iske wuta a inda take, wutar kuma ta biyo shi zuwa gwangwani.

Na zauna a shagon wani mai haɗa takalmi da sanyin hunturu, ya ja ƙofa ya toshe taga da kwali, gwangwani a buɗe kusa da ƙafarsa, yana dangwalo gam da yatsa yana shafa wa tafin takalmi da fata, ya jera su suna shan iska. Can kusurwa ga risho yana ci, da shi yake gasa tafin kafin ya manna. Da na yi magana sai ya ce, "Malam, ai gam ɗin yana nan, wutar tana can." A wurinsa abin da ido bai gani ba babu shi, kuma a nan kalmar tururi ma take da rauni, domin tururin da muka sani na tukunya ne, fari, mai tashi sama. Dole takardar ta ce tururi ne marar ganuwa, wanda hanci kaɗai yake shaida shi.

Ba wuta ce kaɗai matsalar ba. A shekarun 1960 an gano cewa hekzen ne yake kashe jijiyoyin hannu da ƙafa na masu haɗa silifa a Japan, a Istanbul kuma likita Muzaffer Aksoy ya nuna alaƙar wani manarki mai suna benzin da ke cikin gam da sankarar jini a tsakanin masu takalmi. Takunkumin ƙyalle ba ya tare wannan tururi, iska mai ratsa shago ce take korar sa.

Abin da na rubuta a takardar, sai in wani ya kawo wanda ya fi shi, shi ne: "Wannan gam yana da manarki mai kama wuta. Tururinsa ba ya ganuwa kuma yana bin ƙasa. A buɗe ƙofa da taga, a ɗebi kaɗan a mayar da marfi, a nisanta shi da risho, garwashi, taba da janareta. Kada a tsinka shi da fetur, kada a wanke hannu da fetur. Idan ya kama, a rufe shi da yashi, kada a watsa ruwa." Jam'in kalmar na sa manarkai, kamar mabuɗai, kuma ina jiran masana nahawu su duba mini shi.