Ana ta zuga ƙanena a filin ƙwallo, ga dillali ya zo neman kuɗi: ku ba ni shawara

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ba mai kallon ƙwallo ba ce, shi ya sa na kawo maganar gabanku. Autan ɗakinmu shekararsa 16, yana aji biyu na babbar sakandare a nan Jos. Gaba yake bugawa, lamba tara, a wata ƙungiyar unguwa da ke atisaye wajejen Gangare. Tun gasar da aka yi bayan ƙaramar sallah sunansa ya cika gari. Wani ya haɗa bidiyon ƙwallayen da ya ci, ya sa masa kiɗa, ya ɗora a TikTok. Yanzu ko wurin mai shayi ya zauna sai a ce ga sabon Ahmed Musa, har akwai masu biya masa kuɗin shayin.

To ga wani mutum ya zo daga Abuja, ya ce shi ejan ne, wato dillalin 'yan wasa, zai kai shi gwaji Turai kafin shekara ta ƙare. Amma mu za mu kawo kuɗin biza da na jirgi da abin da ya kira kuɗin rajista. Kuɗin ba za su haɗu ba sai an sayar da filin da mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bari a hanyar Bauchi. Umma ta fara karkata, don kullum maƙwabta na ce mata kada ta tare wa yaro arziƙinsa. Shi kuwa littafi ya daina buɗewa.

Tambayata biyu ce. Ta yaya zan gane yaron nan ya kai yadda ake zuzuta shi, ko kuwa son kai ne kawai na 'yan unguwa? Sannan wannan mutumin, a ba shi ko a hana?

Mai gidan kallon ƙwallo, Unguwar Rogo:
Wa alaikumus salam Yaya. Don Allah kada ku kashe wa yaro gwiwa. Jos fa ba yau ta fara ba. Mikel a nan aka haife shi, Ahmed Musa a nan, Moses Simon a nan. Lamine Yamal yana shekara 16 ya ci Faransa a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Turai a 2024. Da danginsa sun tsaya cewa sai ya gama makaranta, ina za mu gan shi? Ƙwallo da ƙuruciya ake yinta. Ni dai na ga bidiyon irin waɗannan yaran namu, wasu sun fi waɗanda nake nuna wa mutane a talabijin.

Tsohon koci, Bukuru:
'Yata, Allah Ya yi miki albarka da kika tsaya tambaya. Bari in fara da bidiyon. Bidiyon ƙwallaye kamar kwandon tumatir ne a kasuwar Farin Gada: manya jajaye a sama, sai an juye ake sanin abin da ke ƙasa. Wanda ya haɗa shi bai sa inda yaron ya zubar da ƙwallo shi da gola ba, bai sa satar gida da ya yi ba, bai sa inda ya tsaya ya riƙe ƙugu abokansa na gudu ba. Ba mai ɗaukar ɗan wasa da bidiyon minti biyu.

Ki sami wanda ya san ƙwallo, wanda ba danginku ba ne kuma ba ɗan unguwarku ba, ya zauna ya kalli wasansa daga farko har a tashi, ba sau ɗaya ba. Kuma ba a filinsu ba, inda kowa ke kiran sunansa. A filin wasu, ranar da ake cin ƙungiyarsa. Abin da ni nake dubawa a lamba tara ba yawan yanka ba ne. Ina duba taɓawarsa ta farko: in an turo masa ƙwallo da ƙarfi, tana kwanciya a ƙafarsa ko tana tsalle ta bar shi? Ina duba abin da yake yi lokacin da ƙwallo ba ta wurinsa, don ɗan gaba a wasa guda ƙwallo ba ta daɗewa a ƙafarsa, sauran lokacin duk gudu ne da neman gurbi. Yana waiwayawa kafin ƙwallo ta iso? Ƙafarsa ɗaya ta hawa mota ce kawai, ko yana bugu da ita? In mai tsaron baya ya sa masa taka tun minti biyar na farko, yana ɓacewa daga wasan ko yana dawowa ya nemi ƙwallo?

Akwai kuma abin da 'yan kallo ba sa lura da shi. Yaro in ya riga sa'o'insa girma, a shekara 15 ko 16 zai riƙa ture su yana wucewa, a ce gwani ne. Nan da shekara biyu sun kamo shi a tsawo da ƙarfi, sai a ga ashe jiki ne ke ci masa ƙwallo. Na ga irinsu da yawa. Na kuma ga ƙananan da aka raina suka zo suka wuce kowa.

Tun da da Ahmed Musa ake kwatanta shi, a bi hanyar Musa a gani. Daga makarantar ƙwallo ta GBS ya fito, ya buga wa ƙungiyar JUTH a nan Jos, ya tafi Kano Pillars, ya ci ƙwallo 18 a gasar Firimiyar Najeriya a kaka guda, cikin manya masu iyali, a filayen da baƙo ba ya cin wasa da sauƙi. Bayan wannan ne Turai ta kira shi. Ƙanenki har yanzu bai buga da manya ba. Ban ce bai iya ba, na ce ba a gwada shi ba tukuna.

Wani ɗan'uwa daga Abuja:
Hajiya, ni kan mutumin zan yi magana. Dokar FIFA, sashe na 19 na ƙa'idojin sauya sheƙa, ta hana a kai ɗan wasa wata ƙasa a yi masa rajista kafin ya cika 18. Akwai 'yan togaciya, misali in iyayensa sun koma can da zama don dalilin da ba ƙwallo ba, ko tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai daga shekara 16. Babu wadda ta shafi yaron da ke Jos da mahaifiyarsa. Shi kansa Musa, da VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi a 2010, sai da aka jira ya cika 18 a watan Oktoba kafin ya fara buga mata. To wannan mutumin da wace doka zai sa wa ɗan 16 hannu a kwantiragi?

Kulob ɗin da ke son ɗan wasa da gaske shi ke aiko takardar gayyata da sunansa, kuma a al'ada shi ke ɗaukar nauyin tafiya da masauki. Ejan na gaskiya a cinikin yake samun ladansa, ba a filin marayu ba. Ki tambaye shi abu uku: sunan kulob ɗin, takardar gayyatar, da lambar lasisinsa. FIFA ta dawo da jarrabawar ejan a 2023, kuma tana da jerin sunayen masu lasisi a intanet, kowa na iya dubawa. In ya ba ki sunan kulob, ki sa wani ya rubuta musu ta adireshin da ke shafinsu, ba wanda shi ya ba ki ba. Kada ku miƙa masa fasfo. In kuma ya kawo maganar a rage wa yaro shekaru a takarda, ki sallame shi nan take.

Mai gidan kallon ƙwallo, Unguwar Rogo:
Maganar ejan na yarda. Amma Baba Koci kana tsananta wa yaran nan. Ai Osimhen ma daga wasan yara aka gan shi.

Tsohon ɗan wasa, Nasarawa Gwong:
Tun da ka ambaci Osimhen, mu ƙirga sauran. A 2007 Macauley Chrisantus ya ci ƙwallo 7 a kofin duniya na 'yan ƙasa da 17, ya fi kowa, Hamburg ta ɗauke shi. A 2009, gasar da aka yi a ƙasar nan aka ƙare a Abuja, Sani Emmanuel ne gwarzon gasa, ya je Lazio bai sami gurbi a babbar ƙungiya ba. A 2015 Kelechi Nwakali ne gwarzo, Arsenal ta saye shi, aro aka yi ta ba da shi har ya bar ta bai buga mata wasan gasa ba. Waɗannan fa duniya ce ta shaide su, ba Gangare ba. Sun ci abinci da ƙwallo, ba a ce ba, amma ba su kai inda aka yi ta haska musu ba.

Shi Osimhen ƙwallo 10 ya ci a waccan gasar ta 2015. Ya je Wolfsburg ta Jamus, ko ɗaya bai ci mata ba. Sai da ya sauka Charleroi ta Beljiyam a matsayin aro ya dawo hayyacinsa, daga nan Lille, daga nan Napoli, inda ya ci 26 a kakar da suka ɗauki kofin Italiya a 2023. Wanda ya yanke masa hukunci yana 17 ya yi kuskure, wanda ya yanke masa yana 19 shi ma ya yi kuskure. To ɗan 16 a gasar sallah wa zai rantse a kansa?

Kuma ka lura, 'yan Jos ɗin da ka lissafa ba wanda ya fara da babban kulob a Turai. Mikel ta Lyn ta Nowe ya bi, Moses Simon ta Trencin ta Slovakiya. Yamal kuwa tun yana yaro ƙarami yake hannun Barcelona, da likitoci da makaranta. Kada a haɗa.

Malamar makaranta, Rikkos:
'Yar'uwa, shekara ɗaya da 'yan watanni suka rage masa ya zana WAEC, kuma kafin nan ma doka ba ta ba shi fita ba. Babu abin da zai yi asara in ya gama. Ku yi yarjejeniya da shi a gaban Umma: atisaye da yamma, takalmi mai kyau daga gare ku, shi kuma ya kawo sakamako. Ba a raba shi da ƙwallo ba, ba zai ga kamar ƙiyayya ba ce.

Wani malami, Dilimi:
Abu guda ba a taɓa ba. Filin nan gado ne. In ba a raba ba, kowane magaji yana da haƙƙi a ciki, mahaifiyarku ba ta da ikon sayar da shi ita kaɗai, kuma rabon yaron kansa amana ne a hannun manyansa har ya mallaki hankalinsa. Ki faɗa wa Umma wannan cikin ladabi, zai sauƙaƙa mata amsar da za ta ba maƙwabta.

Mai neman shawara:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na kira mutumin na nemi abubuwa ukun. Ya ce sunan kulob sirri ne sai an biya rabi, lasisi kuma na abokin aikinsa ne da ke waje. Ya ƙara da cewa akwai wani yaro a Kaduna da ke jiran gurbin, mu yi sauri. Na ce ya ba na Kadunan. Umma ta ji maganar gado ta yi shiru, ina ganin ta sauko. Matsalar yanzu ƙanen nawa ne, tun jiya bai yi min magana ba, wai na toshe masa hanya. Baba Koci, ina zan sami irin gwajin da ka ce?

Tsohon koci, Bukuru:
Fushin zai wuce, ki bar shi. Ki turo min saƙo ta gefe. Akwai manya da ke wasa da safiyar Asabar, cikinsu da waɗanda suka buga wa ƙungiyoyin rukuni na biyu. Zan sa shi rabin lokaci a tsakiya, rabi a gefen hagu, in haɗa shi da mai tsaron bayan da ba ya jin kunyar yaro. Za mu yi haka na 'yan makonni. In ya tsaya, akwai ƙungiyoyi masu rajista a gasar NLO, wato rukuni na uku na ƙwallon ƙasar nan, zan yi masa magana a ɗauke shi da kati na gaskiya da shekarunsa na gaskiya, kuma ba za ki biya kowa sisi ba. In bai tsaya ba zan faɗa miki, in faɗa masa abin da zai gyara. Ya zo ƙarfe bakwai, ya karya da wuri, ya taho da abin kare ƙwauri. Abokansa su zauna a gida.