Yadda za a sa bidiyo mai tsawo ya shiga faifai ɗaya

Masu ɗaukar bidiyon bukukuwa a Sakkwato sun tattauna kan matsalar da ke addabarsu, wato biki ya ci awa uku, mai biki kuma ya nace sai a faifan DVD ɗaya. Shawarar da kowa ya amince da ita ita ce a yi lissafi kafin a fara matse bidiyon, wato rage masa nauyi a kwamfuta.

Faifai mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar gigabait 4.7, kimanin megabit 37,600 ke nan. Idan aka raba wannan da daƙiƙa 10,800 da ke cikin awa uku, za a sami kusan megabit 3.5 a daƙiƙa, amma dole a rage kashi 5 cikin ɗari saboda jerin zaɓi (menu) da ke fitowa a farkon faifai, sannan a cire rabon sauti. A nan mutane da yawa ke asara, domin sautin PCM, wanda ba a matse ba, yana cin kilobit 1,536 a daƙiƙa (fiye da megabit ɗaya da rabi), alhali AC3, wato matsattsen sauti, mai kilobit 192 ya wadatar da kiɗan kalangu da muryar sanƙira.

Idan aka yi amfani da AC3, abin da ya rage wa hoto kusan megabit 3.1 ne a daƙiƙa, kuma gaskiya ya yi kaɗan ga cikakken girman hoton DVD na 720x576, musamman wajen rawa ko hawan dawaki, inda fuskoki da aikin babbar riga ke farfashewa. Saboda haka aka ba da shawarar matsewa zagaye biyu (manhaja ta fara nazarin bidiyon, sannan ta matse shi) da ma'aunin megabit mai sauyawa, domin wurin addu'a ya ci kaɗan, wurin motsi ya sami ƙari. Wasu sun fi son rage girman zuwa 352x576. A ganina, idan abin ya haura awa uku, gara a sayi faifai mai gigabait 8.5 ko a raba bidiyon a faifai biyu.