Shafin tantance 'yan kasuwa a Kumasi: yaya zan tallata shi, kuma wa za a kai kotu?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum. Na haɗa wani shafi a intanet inda mutanen Kumasi za su riƙa rubuta yadda suka ƙare da mai gyaran waya, tela, fita (wato makaniki) ko mai abinci, su ba shi tauraro ɗaya zuwa biyar. Wata uku ke nan, sharhi bai kai talatin ba. Ta wace hanya zan sa mutanenmu na Zongo su san da shi? Sannan idan wani ya rubuta cewa mai shago ya cuce shi, mai shagon ya fusata, ni za a nema ko wanda ya rubuta?

Baban Sadiya:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari in ɗauki ta biyun, don ita ce mai iya rufe maka shafi.

Tun 2001, zamanin Shugaba Kufuor na Gana, aka soke dokar da ake ɗaure mutum da ita saboda ɓata suna. Amma ƙarar neman diyya tana nan daram, kuma wanda ya yaɗa magana yana iya shiga ciki tare da wanda ya faɗe ta. Mai shago ba zai wahalar da kansa neman mai laƙabi ba, kai da kowa ya sani zai aiko wa sammaci.

Garkuwarka tana cikin dokar hada-hadar intanet ta 2008, mai lamba 772. Mai ajiye rubutun wasu ba ya ɗaukar alhakinsa muddin bai san da ɓarna a ciki ba, kuma ya sauke shi da gaggawa bayan an aiko masa da takardar koke. Saboda haka ka sa adireshin karɓar koke a ƙasan kowane shafi. Koke ya iso, ka ɓoye sharhin cikin awa 48, ka nemi hujja wajen wanda ya rubuta. Ya kawo rasit ko saƙon MoMo, wato na biyan kuɗi ta waya, ka mayar. Mako ya wuce shiru, ka goge. Ka riƙa rubuta rana da lokacin kowane mataki.

Sai lafazi, wanda a nan ne yawanci ake faɗawa rami. Dubi wannan: "Na kai waya ranar Litinin, na biya sidi 300 a canza gilashi, ya ce in zo Laraba, sai bayan kwana goma na karɓa, kuma gefen hagu ba ya jin taɓawa." Kowace gaɓa ana iya tabbatar da ita. "Aikin bai gamsar da ni ba" kuwa ra'ayi ne, doka ta ba shi wuri in an gina shi a kan abin da ya faru. Amma "ɓarawo ne, kayan sata yake sayarwa" tuhumar laifi ce, kuma a kotu wanda ake ƙara shi zai kawo hujjar gaskiyarta, ba mai shago ba. A dokar gargajiya ta Gana ma zagi tsagwaronsa ana kai ƙara a kansa, balle a taɓa asalin mutum. In kuma aka rubuta ƙarya irin ta "abincin wance ya kashe yaro", sashe na 208 na dokar laifuffuka ta 1960, na labarin ƙarya mai tada hankali, yana iya kawo 'yan sanda.

Kada ka ce ai kana da gaskiya. Ƙarar ɓata suna da ɗan jarida Anas ya kai ɗan siyasa Kennedy Agyapong a 2018 sai a Maris 2023 babbar kotun Accra ta yanke hukunci, lauyoyi kuwa ba kyauta suke zuwa ba. Ka yi rajistar kamfani mai iyakantaccen alhaki a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2019. Rajistar sunan kasuwanci kaɗai ba ta raba aljihunka da na shafin.

Hajiyar Alabar:
Ɗana, ka faɗaɗa da yawa. Wanda ya shiga ya nemi tela bai samu ba, ya nemi fita ya tarar da mutum ɗaya, ba zai dawo ba. Kama sana'a guda, misali masu gyaran waya na Adum PZ. Bi su da ƙafa, shago arba'in ko hamsin, ka gaya wa kowa za a sa sunansa, kuma yana da damar ba da amsa a ƙasan duk abin da aka rubuta. Manna masa takarda mai lambar WhatsApp a jikin gilashin shago, daidai inda mai karɓar waya ke tsayawa yana gwada ta.

Kuma mutanenmu sun fi sakin baki a murya. Wadda ba za ta rubuta layi biyu ba za ta yi maka minti uku da Hausa ko Twi. Karɓi saƙon murya, ka rubuta, ka karanta mata ta amince.

Da yabo ake shiga kasuwa. In tela ka kama, kafin azumi, lokacin da ake kai ɗinkin sallah, fitar da sunayen telolin da masu ɗinki suka shaida suna cika alkawari. Su da kansu za su yaɗa maka a WhatsApp. Daga nan ka nemi fili a gidan rediyon Zuria FM da lasifikokin sanarwa na unguwanni.

Injiniya Asawase:
Hajiya ta faɗi gaskiya, sai dai a kula: in kai ka mai da murya rubutu, hannunka ya shiga maganar, da wuya ka ce ajiya kawai ka yi. Kada ka ƙara ko kalma ɗaya, ka adana ainihin muryar da saƙon amincewarta.

Tunda za ka tara lambobin mutane, dokar kare bayanai ta 2012, mai lamba 843, ta hau kanka. Rajista da hukumar kare bayanai wajibi ce, ana sabunta ta duk shekara biyu. Ba a tura wa mutum talla da lambarsa sai ya yarda a rubuce. Hoton saƙon MoMo yana ɗauke da cikakken suna da lamba, don haka ya zauna a wurinka, kada ya hau shafi. Hoton Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, kuwa kada ma ka nema.

Sharhin bogi zai zo, daga yaran shago ko daga maƙwabci mai hassada. Tura lambar sirri ta SMS kafin a yi rubutu, lambar waya ɗaya sharhi ɗaya a kan shago ɗaya. Ka ga tauraro biyar sau goma a dare guda daga sababbin lambobi, ka riƙe su ka kira biyu ka tambayi me aka gyara musu. In za ka karɓi talla a shafin, tallan maganin gargajiya sai da amincewar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna. Kuɗin goge sharhi kuwa ko sisi kada ka karɓa, rana ɗaya labarin zai zaga kasuwar Kejetia.

Ɗan Aboabo:
Allah ya saka da alheri. Yaya Baban Sadiya, in mai shago ya kai ni fadar Sarkin Zongo fa?

Baban Sadiya:
Ka je da ladabi, da takardunka a hannu, ya fi maka kotu sauƙi. Amma ka tambaya tun farko: sulhu ne ko hukunci? Dokar sasanci ta 2010, mai lamba 798, ta amince da hukuncin gargajiya. In ka yarda aka zauna, ka biya kuɗin zama, abin da aka yanke ya ɗaure ka, har ana iya yi masa rajista a kotu. Ka tafi da wanda ya yi sharhin in ya amince, kada ka bayyana sunansa ba da izininsa ba.