Wa ya ce Cessna akwala ce?

Baban Walida: Jama'a ku taya ni ji. Gona na sayar na tura ƙanena koyon tuƙin jirgin sama a ƙasar waje. Jiya ya turo hoto yana ta washe baki a gaban wata akwala mai farfela ɗaya, wai Cessna 172. Da na bincika, tun 1956 ake ƙera irinta. Kuɗin awa ɗaya a makarantar nan ya fi albashina, amma su rasa abin ɗora yaro sai sa'ar kakarsa? Ai wannan cuta ce.

Injiniya: Yaya, da girmanka, janye kalmar akwala. Zanen ne tsoho, amma har gobe ana ƙera sababbi. Sama da 44,000 aka yi, babu jirgin da ya kamo ta yawa a tarihi. Akwala ake saya haka?

Ɗan Zariya: Yawa ba hujja ba ne, Injiniya. Ƙuda ma yana da yawa.

Injiniya: Kai da ko kan fiffike ba ka taɓa hawa ba. Fiffikenta a sama yake, ɗalibi na kallon ƙasa tar, kuma idan ya yi kuskure ba ta saurin fushi. Injinta iska ke sanyaya shi, ba lagireto balle ruwa ya tsiyaye. Maganeto biyu gare ta, wato na'urar da ke ba filogi wuta da kanta, ko batir ya mutu injin bai san an yi ba. Kuma bayan kamar awa 2,000 ana kwance shi a sabunta.

Hajiya Babba: Ni dai a iya sanina akwala ita ce wadda sai an tura take tashi. Ana tura wannan?

Kawu Direba: Hajiya kin gama magana. Fijo 504 na tuƙa shekara goma sha takwas, Kano zuwa Maraɗi, yaran yanzu na ce mata akwala, ga nasu masu kwamfuta a yashe a gareji.

Ɗan Zariya: Kawu, Allah ya huci zuciyarka, 504 ɗinka sau biyu muka tura ta a Jibiya.

Kawu Direba: Mai ne ya ƙare, ɗan nema! Ƙarewar mai lalacewa ce?

Malam Na-Bauchi: Ku bar batun Fijo. In tsohon hannu ake nema, ƙaramin jirgin nan Piper Cub ce uwa. Rawaya, jikinta bututun ƙarfe da yadi, ƙarfin doki 65 kacal, matuƙi in shi kaɗai ne a kujerar baya yake zama. Wanda ya iya saukar da ita ya iya jirgi. Cessna ta 'yan gata ce, tayar gaba mai sauƙaƙa sauka, wadda Cub ba ta da ita, ta lalata su.

Injiniya: Malam, yadi fa ka ce. Mu ɗora ɗan mutane a kan atamfa?

Malam Na-Bauchi: Atamfar da ta horar da sojojin Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu.

Injiniya: To ta gatan ce wani yaro Bajamushe, Mathias Rust, ya tuƙa daga Helsinki a Mayun 1987, ya ratsa tsaron Tarayyar Sobiyet ya dira dab da Jan Dandali a Mosko. Har ministan tsaronsu sai da ya rasa kujerarsa. A nuna min akwalar da ta taɓa korar minista.

Ɗan Zariya: Sakacin masu gadi ne wannan, ba ƙwazon jirgi ba.

Baban Walida: Ni fa maganar kuɗi nake yi.

Hajiya Babba: Har yanzu ba a ba ni amsa ba. Ana tura ta?

Malam Na-Bauchi: Cub ta asali dai da hannu ake murɗa mata farfela, Hajiya.

Ɗan Zariya: Shi ke nan, Malam da bakinsa. Tura ce ta gaba.

Kawu Direba: Tunda ni ne babba a nan, ga abin da aka tsayar. Kowa ya yarda tsohon ƙira ya fi na yanzu ƙarko, jirgi ne ko mota. An tabbatar Cessna ba akwala ba ce, haka ma 504, kuma abin da ya faru a Jibiya laifin gidan mai ne. Ɗan Zariya bai kawo hujja ko ɗaya ba. Batun Piper an ɗage shi sai Malam ya nemo wadda ke tashi da makulli. Kai kuma Baban Walida, ka turo mana hoton nan mu ga yaron.