Me ya sa wasu bugun zanen Lucas van Leyden suka koɗe, wasu kuwa rangaɗau?

Dalibar_Zane:
Assalamu alaikum malamai. Akwai zanen Lucas van Leyden, mai zane ɗan ƙasar Holan, na 1510, na mai tatsar nono da shanu. Hotonsa a wani gidan tarihi baƙi ne tsaf, a wani kuma fari-fat, bishiyoyin nesa da ƙyar ake ganinsu. Na biyun jabu ne?

Mai_Allon_Tagulla:
Wa alaikis salam. Ba lallai ba ne, Malama. Duka biyun na iya fitowa daga allo ɗaya. Ana yanka zanen ne a allon jan ƙarfe da ƙarfe mai tsini, ana juya allon a kan matashin fata cike da yashi. Sai a cusa tawadar kunkunniya da dafaffen mai cikin layukan, a goge saman, a ɗora takarda mai danshi, a bi da su tsakanin gungumen matsi biyu. To wannan gogewar da matsin su ke cin jan ƙarfe, don yana da laushi. Shi kuwa Lucas ba ya nutsa yankansa, musamman wurin nuna nisa, inda yake sa layuka siri-siri. Abin da aka yabe shi a kai ke nan, kuma su ne ke fara shafewa. Allon Dürer, mai zane Bajamushe na zamaninsa, mai zurfin yanka ne, ya fi jimiri.

Bugun_Farko:
Ƙari kan bayanin Malam: Lucas ya rasu a 1533, amma allunansa ba su huta ba. Wasu sun shiga hannun Maarten Peeters, mai buga zane a birnin Antwerp (Beljiyam ta yau), har ya ƙara sunansa a jiki, "Martini Petri". In kika ga sunan, bugun baya ne. Ki sa gilashin ƙara girma a nesan zanen. Layukan da suka tsinke suka zama ɗigo-ɗigo alamar cinyewar allo ce. In kuma inuwa ta yi baƙi da kaushi alhali kewayenta ya koɗe, wani ne ya sake bin layukan da ƙarfe. Jabu daban yake: can siffar layukan ce ke sauyawa, don haka a jera shi da na asali a bi layi-layi. Harafin L da Lucas yake sa wa aikinsa ba hujja ba ne, masu kwaikwayo ma sun iya shi.

Mai_Allon_Tagulla:
Haka ne. A kuma ɗaga takardar a haske, tambarin da ke cikinta yakan nuna zamaninta. Sai dai a yi hattara da aikin Lucas na wajen 1520, kamar hoton Maximilian, Sarkin Daular Rum Mai Tsarki, inda ya haɗa yankan hannu da cin asid (wato a bar ruwan asid ya ci layukan a jikin allon) a allo guda. Layin asid ya fi lanƙwasa, bakinsa kuma dakusasshe ne. Kar a ɗauka gyaran wani ne.